Gani Ya Kori Ji? Kyamara Mai Saurin Ɗauka da Nazarin Wasannin Ƙasar Dingyadi

Hausawa kan ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan karin magana ne aka ɗora mafi yawan binciken da ɗaliban sashen Hausa ke yi game da wasannin gargajiya. Ɗalibi zai tashi daga jami'a da littafi da alƙalami, ya bi hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Boɗinga da Shagari, ya ratse zuwa Dingyadi ko wani ƙauye na kusa da ita bayan an kawar da amfanin gona, ya tsaya a bakin fage ya kalli dambe ko kokawa, sa'an nan ya komo ya rubuta abin da ya gani. Ba mai tuhumarsa da ƙarya, domin ya je, kuma ya gani. Tambayar da ba a cika yi masa ba ranar kare kundi ita ce, daga cikin abin da ya auku a fagen, nawa idonsa ya iya kamawa? Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna cewa idon manazarci yana da iyaka, cewa akwai na'urar da aka ƙera domin ƙetare wannan iyaka, kuma cewa sanin yadda na'urar take aiki ya wajaba a kan ɗalibin Hausa kafin ya kafa hujja da hotonta.

A ƙaddara hannun ɗan dambe, wanda aka naɗe da zare, yana tafiyar mita 9 a sakan guda lokacin da ya kai naushi. Tsakaninsa da haɓar abokin karawarsa bai kai mita ɗaya ba, watau ke nan al'amarin duka yana ƙarewa cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, ko ƙasa da haka. A cikin wannan ɗan taƙi ne ƙafa ke kafuwa, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannun kariya ya buɗe hanya. 'Yan kallo ba su ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Suna ganin mutum biyu a tsaye, sai kuma su ga an yi kisa, ɗaya yana ƙasa. Abin da ya shiga tsakani, kowa da irin labarin da zai bayar, shi ya sa ake kwana ana musu a kan turmi guda. Duk wanda ya saurari waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago ya san an adana jaruntakar mutumin a cikin kalmomi adanawa mai kyau, amma kalmomin mawaƙi ba za su gaya wa manazarci da wace ƙafa Shago yake fara takawa ba. Ido ba mudu ba ne, in ji masu magana, amma ya san kima. Kima ta ishi ɗan kallo. Wanda zai rubuta kundi kuwa mudun yake bukata.

Wannan rauni na ido ba Bahaushe kaɗai ya shafa ba. Turawa sun yi ƙarnoni suna zana doki a guje da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, dukansu a sama. Sai a shekarar 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a Amurka, wani mai ɗaukar hoto da ake kira Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa na attajiri Leland Stanford, ya ɗauki doki yana wucewa hoto bayan hoto. Hotunan suka nuna lalle akwai lokacin da kofato huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya, amma a lokacin ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin ciki. Mutanen da suka tashi cikin dawaki, suka hau, suka yi kiwo, ashe ba su taɓa ganin yadda doki ke gudu ba. Babu dalilin zaton mahayan ƙasar Sakkwato, duk da gwanintarsu ranar hawan salla, sun fi su kaifin ido.

To, yaya ake ɗaukar abin da ya fi ido sauri? A nan ya kamata a ɗan dakata, domin bayanin shi ne ginshiƙin maganar duka. Kyamarar silima ta fim tana aiki ne da ja da tsayawa. Wata 'yar ƙugiya takan kama hujin da ke gefen fim ta jawo shi gwargwadon gurbin hoto guda, ta sake shi ya tsaya cik, marufi ya buɗe haske ya shiga, ya rufe, ƙugiya ta sake ja. Sau 24 ake yin haka a kowane sakan. Idan an inganta injin yana iya kaiwa 'yan ɗaruruwa a sakan, amma daga nan sai hujojin fim su fara yagewa, domin ba abin da za a fizga a tsayar sau dubbai cikin sakan guda ya tsira da lafiyarsa. Mafita ɗaya ce, a daina tsayar da fim, a bar shi ya yi ta gudu. Sai dai wannan mafita ta zo da tata matsalar. Gurbin kowane hoto a fim mai faɗin milimita 16 yana cin milimita 7.62. Idan ana son hoto 5,000 a sakan, dole fim ya yi tafiyar mita 38 a sakan, watau kimanin kilomita 137 a awa. Hoton da ya sauka a kan abin da ke irin wannan gudu zai goge ne kawai, kamar a ce ana buga hatimi ana janye takardar.

Dabarar da injiniyoyi suka fito da ita, duk wanda ya taɓa shiga mota a hanyar Boɗinga ya ga irinta. Direba ya ja mota, fasinja bai karɓi canjinsa ba, sai mai talla ya bi motar a guje. Muddin gudunsa ya yi daidai da na motar, hannunsa da tagar kamar a tsaye suke ga juna, sai a miƙa kuɗi a karɓa ba tare da ko kwabo ya faɗi ba. Haka aka yi wa hoto. Tun da ba za a tsayar da fim ba, sai aka sa hoton ya bi shi a guje. Tsakanin gilashin gaban kyamara da fim aka sa wani dunƙulen gilashi mai fuska huɗu ko takwas, kowace fuska da abokiyarta daura da ita. Idan haske ya faɗa wa fuskar a miƙe, a miƙe zai fita. Idan kuwa gilashin ya karkata, hasken zai fita a goce gefe, kuma gwargwadon karkatar, gwargwadon gociyar. Wannan ɗabi'a ta haske ita ke sa a ga sanda kamar ta karye idan an tsoma rabinta a ruwa, kuma malaman Musulunci sun yi rubutu a kanta tun da daɗewa: Ibn Sahl a Bagadaza wajen shekarar 984, da Ibn al-Haisam a Alƙahira cikin littafinsa Kitabul Manazir. Sai aka haɗa dunƙulen gilashin da haƙoran da ke jan fim, ta yadda juyawarsa da gudun fim ba su saɓawa. Yana juyawa, hoton yana zamewa ƙasa tare da fim, har na ɗan lokacin da ake bukata haske ya kama. Fuska ta gaba tana isowa, sai ta ɗauko sabon hoto daga sama ta rako shi a kan gurbi na gaba.

Rakiyar ba ta cika ɗari bisa ɗari, domin gociyar haske tana dacewa da gudun fim ne kawai lokacin da karkatar gilashin ba ta yi yawa ba, saboda haka akan datse hasken kafin kusurwa ta iso, kuma hotunan ba su kai na kyamara mai tsayawa kaifi ba. Duk da haka an sami biyan bukata. A shekarun 1930 ma'aikatar bincike ta kamfanin tarho na Bell a Amurka ta ƙera irin wannan kyamara domin ta ga yadda ƙananan makunnan da ke cikin injin haɗa waya suke karo da juna, kuma ita ce aka riƙa sayarwa da sunan Fastax. Daga baya, a shekarun 1960, wata mai suna Hycam ta fito. Naɗin fim mai tsawon ƙafa 100 yana ɗauke da hoto 4,000, yakan kuma ƙare kafin mutum ya gama cewa a fara, amma idan aka haska shi a majigi da saurin da aka saba sai ya ɗauki kusan minti 3. Abin da ya wuce kamar ƙiftawar ido ya zama abin da za a zauna a kalla, a tsayar, a auna.

Sunan da Turawa suka ba wannan dabara, idan aka bi shi kalma da kalma, zai ba da wani abu kamar diyyar motsin hoto, ko ramuwar motsi. Duka biyu ba su dace ba, domin Bahaushe ya ji diyya zai tuna da jini, ya ji ramuwa zai tuna da gayya ko salla. Abin da gilashin yake yi rakiya ce, saboda haka rakiyar hoto ta fi kusa da ma'ana, kuma yaro ma zai gane ta. Haka nan ya kamata a raba tsakanin hoton da ya yi dishi-dishi saboda ba a saita gilashi ba, da wanda ya ja wutsiya saboda abin da ake ɗauka ya motsa, domin cuta biyu ce, kowace da maganinta. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da aka buga a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi hidima, amma kalmomin kayan aikin bincike har yanzu kowane ɗalibi da nasa. Ba kuwa sabon abu ba ne a wannan yanki a ɗauki ilmin zamani a sa masa rigar Hausa. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya ga amfanin haka, kuma Waƙar Nijeriya da ya tsara labarin ƙasa ce aka zuba cikin baitoci domin yara su riƙe.

Mai yiwuwa wani ya ce duk wannan aikin sashen kimiyya ne, ina ruwan biri da gada? Amsar tana cikin maƙogwaro. A ma'aikatar nan ta Bell ce wani mai bincike, D. W. Farnsworth, ya sa ɗan madubi a can cikin bakin mutum ya ɗauki tantanin murya yana kaɗawa, da saurin hoto 4,000 a sakan, ya kuma bayyana sakamakon a 1940. Tantanin muryar namiji baligi yana buɗewa da rufewa sau ɗari da wani abu a sakan, na mace kuwa wajen ninki biyun haka. Karin sautin Hausa, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, wanda ɗalibai ke shan wahalar sa wa alama, ba wani abu ba ne illa ƙaruwa da raguwar saurin wannan kaɗawa. Sautukan nan kuma da Hausa ke taƙama da su, watau ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y, duk aikin maƙogwaro ne, kuma Peter Ladefoged ya sa wasunsu cikin nazarin da ya buga a 1964 kan furucin harsunan Afirka ta Yamma. Ɗalibin da ke haddace cewa ana furta kaza da tsukewar tantani, alhali bai san da wace na'ura aka ga tsukewar ba, ya karɓi ilmin ne a kan amana. Kyamara mai saurin ɗauka ta shigo ilmin furuci tun kafin a buɗe Jami'ar Sakkwato a 1975.

Yau fim ya kau, faifan lantarki mai jin haske ya maye gurbinsa, kuma tun da faifan ba ya gudu, dunƙulen gilashi mai juyawa ya zama kayan tarihi. Tun daga 2014 ake sayar da wayoyin hannu masu ɗaukar hoto 240 a sakan, kuma a yau ba wuya a sami irinsu a aljihun ɗalibai. Da wannan sauri, naushin da aka ambata a baya ba ya wuce santimita 4 tsakanin hoto da hoto, alhali a ɗauka ta yau da kullum, mai hoto 30 a sakan, tsallen santimita 30 yake yi. Wannan ci gaba ne babba, kuma ya zo a araha. Amma a nan ne haɗarin yake, domin waya tana gyara motsi ta hanyoyi biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan, kuma ba ta gaya wa mai ita wacce ta bi.

Hanya ta farko jikar tsohuwar dabara ce. A cikin wayoyi da yawa gilashin kyamara yana reto ne a kan 'yan ƙananan maganaɗisu. Idan hannun mai ɗauka ya yi rawa, wani ma'auni ya ji, sai a gusa gilashin domin hoton ya zauna inda yake a kan faifai. Wannan rakiya ce ta gaskiya, domin a cikin haske aka yi ta, kafin a rubuta komai. Hanya ta biyu kuwa bayan an ɗauka ake yin ta, da lissafi. Kwamfutar da ke cikin waya takan yanke gefen hoto, ta miƙe nan ta lanƙwasa can, domin a ga kamar hannu bai yi rawa ba. Mafi muni, wasu wayoyin da ke da'awar hoto 960 a sakan ba su ɗaukar adadin nan. Suna ɗaukar kaɗan ne, sa'an nan su ƙago na tsakani bisa kintace. Ɗalibin da ya tsayar da irin wannan hoto ya ce ga inda gwiwar ɗan kokawa take lokacin da ya sa ƙafa, yana iya kasancewa yana nazarin abin da bai taɓa aukuwa a fage ba. Tsohuwar Fastax, duk da nauyinta da ƙararta da cin fim ɗinta, ba ta taɓa nuna abin da haske bai kawo mata ba.

Akwai kuma wani aibi da ya fi wannan ɓoyuwa. Yawancin faifan waya ba ya karɓar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi yake karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Abin da ke gudu ƙwarai yakan gusa kafin a kai layin ƙarshe, sai miƙaƙƙe ya fito a karkace. A ɗauki sharo, wanda Fulanin wannan yanki suka sani sarai. Tsumagiya tana lanƙwasa da gaske idan an kai duka, waya kuma tana ƙara mata tata lanƙwasar. Wanda bai san da haka ba zai auna duka biyun ya danƙa wa tsumagiya, ya kuma gina bayani a kai game da irin itacen da ake zaɓa.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja guda da ta fi ƙarfin a yi watsi da ita. Suna cewa wasa a cikin saurinsa yake da ma'ana, kuma idan an ja shi an rage masa gudu ya zama wani abu dabam. Gaskiya ne. Wani bincike da Eugene Caruso da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2016 ya nuna cewa mutanen da aka nuna wa wani aiki cikin jinkirtaccen hoto sun fi ɗaukar an yi shi da gangan, a kan waɗanda suka gan shi da saurinsa na asali. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san haka tun da aka fara komawa ga hoto a gasar duniya ta 2018: tuntuɓe yakan koma mugunta idan an ja shi. Saboda haka jinkirtaccen hoto yana amsa tambayar me ya auku, da wane ya riga wane, amma ba shi da ta cewa a kan niyya, ko a kan abin da ya sa fage ya ɗauki sowa. Wannan sai an tambayi 'yan wasan da kansu, da makaɗa, da dattawan da suka yi a zamaninsu. Na'urar ƙari ce a kan hira da zama da mutane, kuma ɗalibin da ya ɗauke ta madadinsu ya yi hasara biyu.

Inda amfaninta ya fi fitowa fili shi ne kiɗa. An daɗe ana rubuta cewa kalangu yana magana, domin makaɗi yana matsa tsarkiya a hammatarsa ya ɗaga sauti, ya sassauta ya saukar da shi, yana kwaikwayon karin harshe. Amma shin matsawar tana riga bugu ne, ko tare suke, ko kuwa tana biyo baya idan ana son sauti mai faɗuwa? Makaɗin kansa ba lalle ya iya faɗa ba, hannunsa ne ya sani. Hoto 240 a sakan, tare da rikoda ta dabam mai ɗaukar sauti, da tafi guda a farkon ɗauka domin a daidaita su, sun isa su warware wannan cikin yini ɗaya a Dingyadi. Haka lugude, inda mata ke cilla taɓarya sama su tafa su cafe ba tare da kiɗan turmi ya karye ba. Injin niƙa yana cinye wannan fasaha gida bayan gida, kuma ƙasar da aka cika nazarin tarihinta na Sifawa da Boɗinga ta cancanci a adana abin da hannuwan matanta suka iya. Sai dai wannan aikin ɗalibai mata ne, da izinin masu gida da na matan kansu, bisa sharaɗin hoton ba zai bar ma'ajiyar sashe ya shiga yawo a wayoyin mutane ba.

Abin da ake bukata daga sashe bai kai sayen na'ura mai tsada ba. Darasi biyu ko uku ne cikin kwas ɗin dabarun bincike, ko da za a gayyato malami daga sashen kimiyya ya koyar, da kuma ƙa'idar da za a bi kafin a karɓi hoto a matsayin hujja a kundi. Ɗalibi ya rubuta irin wayar da ya yi aiki da ita da adadin hoton da take ɗauka da gaske. Ya kafa ta a kan maƙafa, ya kashe gyaran lissafi. Ya ajiye sanda mai tsawon mita guda a cikin fage domin a sami abin awo. Ya miƙa wa mai duba shi ainihin abin da ya ɗauka, domin wanda ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi an zubar da rabin bayaninsa.

Saura matsalar haske, wadda ba ta da magani mai sauƙi. Duk hoton da aka ɗauka cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan yana bukatar haske mai yawa, kuma ranar Sakkwato ba ta rowa da shi daga hantsi zuwa la'asar. Amma dambe da kokawa sai la'asar ta yi sanyi suke kankama, manyan 'yan wasa kuwa ba su shiga sai rana ta kusa faɗuwa, a lokacin da ƙurar fage da hazon hunturu suka riga suka rage ganin. Fitilar lantarki ba ta cika taimakawa ba, domin wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a sakan, fitilu da yawa kuma suna ƙifta sau 100, abin da ido ba ya gani amma kyamara mai sauri take fitarwa baro-baro. Ɗalibin da ke son naushin babban ɗan dambe a fili, sai ya nemi sarkin dambe tun da wuri, ya roƙa a shirya masa gwaji na musamman da hantsi, ya kuma rubuta a kundinsa cewa abin da ya auna gwaji ne aka yi dominsa, ba turmin da aka yi gaban jama'a ba.